Idon Tersoo da Fitilar Ingila

Duk wanda ya zo garejina neman koyon aiki, tambayar farko da nake masa ita ce, me ya ɗauka muke yi a nan? Amsar ba ta canzawa: "Sa ƙwan fitila, Baba." Wani har da ɗan murmushi, wai shi ya gama da sana'ar tun kafin ya shigo. Ƙwai ya mutu, ka zare, ka sa sabo, mai mota ya kama gabansa. In da haka abin yake, ai mai shayin bakin titi ma zai iya, kuma ya fi ku zafin nama. Sunana Ɗanlami, amma a Lafiya in ba ka ce Ɗanlami Fitila ba, da wuya a nuna maka wurina a hanyar Makurɗi. Rewaya na koya, wato aikin wayar mota tun daga batir har hon, sai dai fitilar gaba ce ta cinye mini shekaruna. A kanta zan yi muku magana, ku da kuke ganin abin wasa ne.

Aikin farko da maigidana Oga Audu ya ba ni, ko waya babu a cikinsa. Bokitin farar ƙasa ya miƙo mini da guntun tsintsiya, ya ce in je in shafe bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na baro gonar doyar mahaifina a Arikya ne in zama mai rewaya, ba mai fenti ba. A bayan garejin akwai wata doguwar rumfa, kwano sama, kwano gefe da gefe, ƙofarta kuwa tsohon tamfol ɗin tirela. In aka saki tamfol ɗin nan, da rana tsaka sai wurin ya yi duhu, ko tafin hannunka ba ka gani, ga zufa har cikin ido. A ƙarshen rumfar bangon yake. Na shafe shi, Oga ya zo ya duba, ya ce akwai dabbare-dabbare, in sake. Na sake ina ƙunƙuni.

Da bangon ya bushe aka shigo da wata tsohuwar tasi, aka tsayar da ita a kan layin da aka zana a siminti. Oga ya sa aka daidaita iskar tayoyi, ya zaunar da direban a kujerarsa, domin nauyin mutum yana canza inda fitila take kallo. Ya auna tsayin fitilar daga ƙasa, ya je ya ja wannan tsayin a bango da gawayi. Aka saki tamfol, ya ce a kunna dim, wato ƙaramin haske.

"Me ka gani?" in ji shi.

Na ce, "Haske, Oga."

"Akuya ma ta ga haske. Dubi bakinsa."

Sai na lura. Ashe hasken dim ba a dunƙule yake ba, yana da baki ta sama. Layi ne a miƙe daga hagu zuwa tsakiya, kamar an yanka da wuƙa, daga tsakiya kuma sai ya ɗaga ya hau ta dama. Wannan hawan shi Oga Audu yake kira kafaɗa. Gefen da ya kwanta domin idon direba mai tahowa ne, kada ka makantar da shi. Gefen da ya ɗaga domin bakin hanya ne, inda mai keke da mai tafiya a ƙasa da dabba suke. Fitila ɗaya, amma tana kula da mutum biyu da ba sa cikin motar. Ranar na daina ƙunƙuni a kan bokiti.

Oga Audu ba a littafi ya samo wannan ba. Yana cikin sana'ar lokacin da ƙasar nan ta bar bin hannun hagu ta koma dama. Yakan ce a lokacin direba kowa yake ja wa kunne, an manta da fitila. Motoci sun koma dama, kafaɗar haskensu tana nan a hagu, tana zuba a idon mai tahowa, har sai da 'yan rewayar zamanin suka bi su suna canzawa. Daga nan ya koyi karanta gilashi. Ku je ku tsuguna gaban kowace motar da ta fito daga Turai, ku goge fitilar da hannun riga, za ku ga ƙananan haruffa. In akwai kibiya mai kai ɗaya a kwance kusa da haruffan fitilar gaba, an yi ta ne domin masu bin hagu. In babu kibiya, tamu ce. In kibiyar mai kai biyu ce, ana iya juya ta ta yi aiki a ko'ina. Akwai kuma harafin E a cikin da'ira da 'yar lamba a gefensa. Wannan kam Oga bai san ma'anarsa ba, hatimin Turawa kawai yake ce masa.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na burgewa. Tasta, ɗan ƙwan nan mai waya da ke gaya maka ko wuta ta iso. Fulaya, tef na awo, da doguwar sukundireba ta juya sukurun saiti, wadda har yau ta Oga ce nake riƙe da ita, kanta ya sha ɗauri da roba. Sai ƙyalle mai tsabta, domin ba a taɓa gilashin ƙwai da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Wannan na faɗa muku ya fi a ƙirga, kuma jiya na ga wani daga cikinku ya gama cin awara ya damƙi sabon ƙwai. Ba zan kira suna ba, ya san kansa.

Wata mota 'yar Amurka ce ta sa na gane ma'anar hatimin nan. Ta wata malama ce mai koyar da injinan noma a Shabu. Za ta yi kwana, ta sa sigina, ɗan acaba ya zo ya dake ta ta gefe. Shi kuma ya rantse bai ga sigina ba, burki ya gani. Gaskiyarsa ce, domin siginar baya ta motar ja ce, launi ɗaya da ta burki, haka dokar can ta yarda. Mu kuwa idonmu ya saba da ruwan ɗorawa. Ina cikin canza mata ta ga na tsuguna ina karanta gilashin wata motar, ta tambaye ni abin da nake nema. Na shigar da ita rumfa na nuna mata kafaɗa, ta riƙe baki, ta ce tana tuƙi duk shekarun nan ba ta taɓa lura ba. Ita kuma ta ce mini E ɗin nan alkawari ne. Ƙasashe da dama sun zauna sun yarda da gwaji iri ɗaya, in fitila ta ci gwajin a ƙasa ɗaya sauran su karɓa, lambar gefen kuma tana nuna ƙasar da ta gwada. Ta ce ba fitila kaɗai ba, har burki da taya da bel, kuma har yanzu ana kan zama domin waɗanda suke da tsarinsu daban su matso kusa. Na yi murna da jin haka ƙwarai. A Lafiya ba a ƙera ko keke, amma motar Amurka da ta Jamus da ta Japan da ta Ingila duk a shataletalenmu suke haɗuwa, kowace da dokar gidansu. In masu dokar suka daidaita a can, mu ne za mu fara hutawa a nan.

Akwai shekarar da na kusa barin sana'ar. Oga Audu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini garejin, sai aikin faɗaɗa hanya ya zo ya bi ta kan rumfar da bangon. A shekarar ne kuma fararen ƙwayayen nan masu kashe ido suka cika kasuwa. Duk wanda ya mallaki fulaya ya zama mai gyaran fitila, a bakin titi, ba awo ba komai. Direba zai zo ya ce in sa masa, in ce gidan fitilarsa ba domin irin wannan ƙwan aka yi shi ba, hasken zai watse ne, bakin layin ya ɓace. Sai ya ce tsoho ya tsufa, ya tsallaka titi a sa masa. Na yi damina guda a gindin mangwaro, kayan aiki a buhu, in hadari ya taso in ruga shagon wani mai gyaran jikin mota. Shi ne daga baya ya ba ni fili a bayan shagonsa. Na ɗora bulo da hannuna, na nemo kwano tsoho, na shafa farar ƙasa. Rumfar da kuke ƙorafin zafinta ke nan.

Yanzu bari in ba ku labarin motar da nake tunawa duk lokacin da wani ya ce mini ƙwai ne kawai.

Tersoo ɗan ƙabilar Tibi ne, direban bas a layin Ashige, ta hanyar Shandam. Mata 'yan kasuwa yake ɗauka da doyarsu da agushinsu, ya fita kafin gari ya waye, ya dawo da su bayan faɗuwar rana. Ya fi shekara ashirin yana jan motocin mutane ko kaza bai taɓa takewa ba, har Allah ya hore masa ya sayi tasa. Bas ce mai kyau da ta shigo ta Kwatano. Daga Ingila ta fito, sitiyarinta a dama, aka juya shi hagu kafin ta iso. Kowa a tasha ya san haka, domin ƙofar fasinjanta ta wajen tsakiyar titi take buɗewa, kuma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

Tun makon farko ya ga canji. Duk motar da ta taho sai ta watsa masa ful, wato babban haske, a fuska. Kun san al'adar hanyarmu: in ka haske ni, in haske ka, a ga wanda zai fara runtse ido. Direbobi suka fara kai ƙararsa tasha, wai Tersoo ya sayi mota ya yi girman kai, ba ya rage wa kowa fitila. Shi kuma yana rantsuwa a dim yake. Ga shi kuma bakin hanya ta damansa ya zama masa baƙi ƙirin. Sai ya yi abin da kusan kowane direbanmu zai yi: ya je bakin titi aka sa masa farin ƙwai. Abin ya ƙaru, ya koma aka sa wanda ya fi shi. Masu tahowa suka ƙara fusata, shi kuma ya ƙara makancewa.

Wata asuba kusa da Ashige ya goge wani manomi da ke tura keke da doya a bakin hanya. Bai gan shi ba sam, ƙarar kawai ya ji. Hannun mutumin ya karye. Tersoo ne ya ɗauke shi ya kai shi asibiti, ya yi ta zirga-zirga har ya warke, amma magana ta riga ta fita: Tersoo ya kamu da dundumi, ciwon nan da ke hana mutum gani da zarar rana ta faɗi. Matan da suka shekara suna rububin kujerar gaba suka koma cewa ba sa shiga motar makaho. Shugaban tashar, Alhaji Sabo, ya kira shi ya hana shi lodin asuba da na yamma, ya ce dattawa za su zauna bayan kasuwa mai zuwa, in babu wani bayani za a cire shi daga layi. Alhaji ba mugu ba ne, rayukan mutane ne a wuyansa. Sai dai a layin Ashige, wanda ba ya fita da asuba ba shi da aiki.

Tersoo ya je asibiti wurin likitar ido. Ta gwada shi, ta ce idonsa na nesa lafiya lau. Sannan ta yi masa tambayar da ba wanda ya yi masa a tasha: yaushe abin ya fara? Ya ce tun da ya sayi bas. Ta ce in ya hau motar wani da yamma fa? Ya ce yana gani. Ta ce to ya kai bas ɗin wurin mai duba nata idon. Da ya kai wannan magana tasha dariya aka yi masa, aka ce likita a ɗaki mai lantarki ta gwada shi, ba a hanyar Shandam ba.

Haka ya iso wurina, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Oga Ɗanlami, abeg ka taimake ni. Likita ya ce ido na yana da kyau. Mutane ya ce ni makaho ne. Ni kaina yanzu ban san wanda zan yarda ba. Ka sa min ƙwai wanda ya fi duka haske."

Na ce, "Oga Tersoo, ƙwai nawa ka canza?"

"Ya yi yawa."

"To yau ba za mu sa ƙwai ba. Shigo da ita ciki."

Na cire fararen ƙwayayen na mayar da irin na ainihi, domin in ga bakin layin sosai. Aka saki tamfol, ya kunna dim. Ga layi ya fito tsaf, ga kafaɗa ta ɗaga, amma ta hagu. Gefen dama a kwance yake, ƙasa-ƙasa. Na fita na goge gilashin, ga E a da'ira, ga kibiya mai kai ɗaya. Masu juya sitiyari sun juya sitiyari, sun juya feda, sun bar fitila tana neman bakin hanyar Ingila. Na kira shi ya sauko, na tsayar da shi gaban bangon, na nuna masa inda mai keke zai kasance da inda idon mai tahowa zai kasance. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a ƙasa a kan simintin nan mai zafi, ya dafe kai.

"Kenan ba ni ba ne?"

Na ce, "Ba kai ba ne. Amma saiti ba zai gyara wannan ba, a jikin fitilar aka gina shi. Sai mun samo wata."

Kafin nan na manna baƙin tef a daidai wurin gilashin da ke jefa kafaɗar, domin ko da rana ta faɗi masa a hanya ya daina cutar da masu tahowa. Na gaya masa wannan rabin magani ne, ba zai haska masa dama ba. Sannan na aika wa Emeka, mai sayar da kayan Beljiyam, wato tsofaffin kayan mota na ƙasar waje, a bakin kasuwa, cewa ina neman fitilar irin wannan bas ɗin, hagu da dama. Kafin la'asar ya aiko da su, masu kyau, ko tsaga babu. Na goge gilashi, ga kibiya. Na ɗauka na mayar masa da kaina.

"Oga, iri ɗaya ne fa! Dubi jiki, dubi soket, dubi inda noti zai shiga. Wane wahala kuma?"

Na ce, "Emeka, jiki ɗaya ne, hanya ce ba ɗaya ba. Ka ga wannan 'yar kibiyar?"

Ya kawo fuskarsa kusa, ya kankare da farce ko datti ne. Ya juye duk fitilun shagonsa, ya ga wasu da ita, wasu babu, ya ce shi duk zamansa a kasuwa ya ɗauka ado ne. Ta bas ɗin Tersoo marar kibiya kuwa babu ko ɗaya. Nan hankalina ya tashi, domin ranar kasuwa ta matso. Emeka ya ɗauki hoton gilashin da wayarsa ya tura wa ɗan'uwansa a Legas, ya ce masa E a da'ira, ba kibiya. Abin da ya faɗa ke nan kawai. Ba a yi dogon bayani ba, ba a aika mota ba, domin alamar ɗaya ce a Jamus da Legas da Lafiya. A wannan ranar na ga amfanin zaman da malamar nan ta ba ni labari. Ana gobe dattawa za su zauna kwalin ya iso a motar Legas.

Ban ɗaura duka biyun ba. Na sa sabuwa a gefe ɗaya, na bar tsohuwa a ɗaya gefen, na ɓare tef ɗin, sannan na je tasha na roƙi Alhaji Sabo ya zo ya ga wani abu. Ya zo da dattawa biyu, suna fifita da hula tun kafin a saki tamfol.

"Malam Ɗanlami, gasa mu za ka yi a nan?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji, ba za a daɗe ba. Ka tsaya nan ta hagu, kusa da bango. Kai ne direban da ya taho daga Shandam."

Na rufe sabuwar da buhu, Tersoo ya kunna. Alhaji ya kare fuska da hannu, ya ce, "Kai, rage mana! Ka ga halin naka ko?" Na ce ya leƙa ya duba da kansa. Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙa ta taga, ya ce a dim take. Sai na ɗauke buhun na rufe tsohuwar. Hasken ya sauka daga fuskar Alhaji ya koma ƙirjinsa, kafaɗa ta hau bango ta dama. Na sake juyawa, na sake, har sai da shi da kansa ya ce a bari ya riƙe buhun. Da ya gama wasa da shi ya fito waje, ya share zufa.

"Na gani, kuma na gode. Amma bango ba ya tura keke. In ka ɗaura ɗayar, mu je hanya yau ɗin nan."

Ban ji haushi ba, da ni ne ma haka zan ce. Na ɗaura ta biyun, na zaunar da Tersoo a kujerarsa, na juya sukurun saiti har bakin layin ya sauka ƙasa da zanen gawayi kaɗan, yadda Oga Audu ya koya mini. Muka yi sallar magariba a masallacin gareji, Tersoo yana zaune a kan benci yana jiranmu, ko ruwan da aka ba shi bai sha ba. Sannan muka hau, Alhaji a gaba, ni a bayansu, muka kama hanyar Shandam.

Muka bar fitilun gari a baya. Can sai Tersoo ya fara magana a hankali, kamar mai karanta allo.

"Ga mace da itace a kai. Ga yaro a bayan shi. Ga akuya biyu. Ga mashin ya tsaya ba fitila. Ga rami a gefe."

Duk abin da ya kira, sai mun ƙara tafiya kaɗan sannan mu iske shi. Alhaji ya ce, "To, mun ji." Tersoo bai daina ba. Ga tarin rogo, ga mai keke, ga kututture. Hannunsa a kan sitiyari ko motsi. Ni dai daɗi ya cika ni, har na rasa inda zan sa hannuwana.

Dab da Ashige ya rage gudu, ya nuna wani wuri a bakin hanya inda ciyawa ta kwanta kusa da wata bishiyar kashu. Hasken ya kama wurin tun daga nesa, har ganyen ana gani.

"A nan ne," in ji shi. "Da na gan shi, Alhaji. Tun daga can da na gan shi."

Alhaji ya gyaɗa kai. Muka juya muka kamo hanyar gida. Sai ga wata tirela ta taso daga Lafiya da ful, hasken ya cika mana gilashi. Na ga kafaɗun Tersoo sun ɗaure, ya saba da abin da ke biyo baya. Yana dim ɗinsa, bai taɓa komai ba. Tirelar ta matso, ta matso, sai kawai ta sauke haskenta. Ta wuce mu da ɗan hon guda.

Tersoo ya juyo yana dariya, hawaye a fuskarsa. "Oga Ɗanlami, ka gani? Ya gaishe ni! Tun da na saya motan nan ba wanda ya gaishe ni."

"Dubi gabanka," in ji Alhaji Sabo. Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa, "Gobe da asuba kai ne lodin farko. Ni zan gaya wa matan da bakina."

Washegari da hantsi na tarar da bas biyu na Alhaji a ƙofar rumfa, bayansu kuma wasu daga layin Doma. Emeka yanzu ba ya karɓar fitila daga kwantena sai ya goge gilashi, kuma in direba ya yi masa gardama nan yake turo shi. Sababbin motocin da ke shigowa, da yawansu kibiyarsu mai kai biyu ce, ɗan maƙunni ne a ciki ka juya, shi ke nan. Wataƙila ku za ku ga zamanin da duk fitilar da ta sauka a Legas za ta san hanyarmu tun daga masana'anta. Ina fata, kuma ina ganin alama. Amma ko a lokacin, mota za ta faɗa rami, saiti ya goce, kuma akwai mai keke a bakin hanya da bai san sunanku ba, alhali lafiyarsa tana hannunku.

Tersoo yana nan a layin Ashige, gashin kansa ya yi fari, kuma duk kakar doya sai na tarar da manyan doya guda biyu a ƙofar rumfa. Shi ya wuce ɗazu ya yi hon, kuka ce wane tsoho ne wannan. To kun ji ko wane ne. Wanda har yanzu yake son aikin a cikinku, bangon can ya yi datti. Bokiti da tsintsiya suna bayan ƙofa.